Yadda Ake Gano Rundunar Tsohon Soja Daga Alamomin Kakinsa

Jama'a, barkanmu da warhaka. Idan kuna da hoton kaka ko kawu sanye da kaki, an ce ya je yaƙin duniya amma ba wanda ya san rundunarsa, yawanci amsar tana jikin kakin nan. Sai dai ba alama ɗaya ce ke ba da ita ba. Bajen hula rajimanti yake nunawa, ƙyallen kafaɗa babbar runduna, zaren lambobin girma na ƙirji fagen da aka kai mutum, lambar soja kuma ita ce ke kai ku ga takardunsa. Za mu fi tsayawa kan sojojin Birtaniya da ƙasashen da ta mallaka a Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, mu taɓa na Amurka da Faransa a inda suka bambanta.

Da farko a gyara hoton. Ku sa shi a sikana, ku zaɓi ƙarfin dpi 1200, wato yawan ɗigo a kowane inci, ko aƙalla 600. Baje a tsohon hoto bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ƙaramin ƙarfi kuwa dunƙule shi zai yi. In waya ce kawai a hannu, a kashe filasha, a ɗauka kusa da taga. Kada ku sa manhajar da ke gyara tsofaffin hotuna ko ta shafa musu launi, domin ƙirƙirar abin da ba ta gani take yi, sai ta zana muku bajen da ba a taɓa yin sa ba. Sannan ku tabbata ba a juya hoton ba lokacin wanki. Zaren lambobin girma a ƙirjin hagu yake zama, rigar namiji kuma ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama. In kun ga akasin haka, ku juya hoton tukuna.

To, hula. Bajen rundunar Afirka ta Yamma ta Birtaniya bishiyar kwakwa ce, da haruffan RWAFF a ƙarƙashinta. Harafin R ɗin, wato Royal, a 1928 aka ƙara shi, saboda haka baje mai WAFF kawai ya girmi wannan shekara. Amma sojan Najeriya da na Gwalkwas, wato Gana ta yau, da na Saliyo da Gambiya duk suna iya sa wannan baje. Ya ba ku gidan, bai ba ku ɗakin ba. Jar dara ma tana yaudara. Sojojin Afirka ta Yamma na Birtaniya suna sa ta a fareti, haka ma sojojin Afirka na Faransa suna da tasu jar hular. Abin da ke raba su shi ne anga irin ta jirgin ruwa, wadda ita ce alamar sojojin Faransa na ƙasashen mallaka, kuma ana ganin ta a kwala ko a hular kwano.

Kafaɗa ita ce wurin da ya kamata ku ɓata lokaci. Can saman hannun riga ake ɗinka ƙyallen babbar runduna. Baƙin gizo-gizo a kan ruwan ɗorawa, kansa na kallon ƙasa, na runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1943, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Mashi biyu da aka gicciye a kan gammo, cikin garkuwa ruwan ɗorawa, na runduna ta 82 ce, ita ma ta 1943, wadda ta shiga yankin Arakan daga ƙarshen 1944. Kan karkanda na runduna ta 11 ce ta Gabashin Afirka. Jar garkuwa mai farin takobi da haruffan XIV kuwa ta Runduna ta Goma Sha Huɗu ce, uwar da ta haɗa dubban ɗaruruwan sojoji a yaƙin Bama, don haka ita kaɗai ba ta taƙaita muku komai.

A hoto baƙi da fari ku dogara da siffa, ku bar launi. Tsohon fim, musamman na zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana fitar da ja da ruwan ɗorawa kamar baƙi, shuɗi kuma ya yi haske. Hoton da mai ɗauka ya shafa wa launi da hannu ya ma fi ɓatarwa, don sau da yawa launin da ya ga dama ya sa.

Igiya muƙami take nunawa: ɗaya laskofur, biyu kofur, uku saje, bakinsu na kallon ƙasa a dantse. Na Amurka sama suke kallo, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba muku ƙasashen biyu. Igiyar da ke ƙasa kusa da wuyan hannun hagu, mai kallon sama, ta kyawun hali ce, kada a ɗauke ta muƙami. Ƙananan jajayen igiyoyi a wuyan hannun dama kowace shekara ɗaya ce ta aikin yaƙi, kuma a 1944 aka fara sa su, ga shi kun sami iyakar shekarar hoton.

Zaren ƙirji fa? Na lambar girma ta Tauraron Bama shuɗi ne mai duhu, da faffaɗan ja a tsakiya da ratsin ruwan lemo a kowane gefe. Tauraron Afirka launin rairayi ne, da ja a tsakiya da siraran ratsi biyu masu shuɗi, kuma ya haɗa da yaƙin Habasha da Somaliya na 1940 zuwa 1941. Tauraron Bama sai a 1945 aka fito da shi. Duk hoton da ke da zarensa, na ƙarshen yaƙi ne ko bayansa, wato ƙyallen da ke kafaɗar na rundunar da mutum ya ƙare a ciki ce, ba lallai wadda ya fara da ita ba.

Yanzu mu haɗa. A ce ga kwakwa a hula, ga masu da gammo a kafaɗa, ga lambar soja da ta fara da NA, wato Najeriya, ba GC ta Gwalkwas ba. Bataliyoyin Najeriya a runduna ta 82 shida ne: ta 1, ta 2 da ta 3 a birged ta 1, sai ta 5, ta 9 da ta 10 a birged ta 4. In kuma akwai Tauraron Afirka kusa da na Bama, ukun farko sun fi kama hanya, domin su ne suka yi yaƙin Gabashin Afirka kafin a kai su Indiya. In gizo-gizo ne da NA, ku duba bataliya ta 4, ko kuma ta 6, ta 7 da ta 12, waɗanda aka ware aka haɗa su da dakarun Cindit, masu kai hari a bayan layin Japanawa a Bama, a 1944. Kada dai ku manta ba kowa ne ɗan bataliya ba. Akwai masu igwa, injiniyoyi, direbobi, ma'aikatan asibiti, da ɗimbin masu dako da suka ɗauki kayan yaƙi a ka inda mota ba ta shiga, dukkansu da ƙyalle iri ɗaya.

Sojan Amurka ya fi sauƙin karantawa. Ƙyallen kafaɗar hagu rundunarsa ce ta lokacin, na dama kuma, daga 1945, wadda ya yi yaƙi a cikinta a baya. Faifan tagulla na kwalar hagu yana nuna sashe: bindigogi biyu a gicciye mayaƙan ƙafa, igwa biyu masu igwa, ganuwa injiniyoyi. Kowane gajeren ratsi a wuyan hannun hagu wata shida ne a ƙasar waje.

In lambobin girman kansu suna hannunku, ku duba gefe da baya da gilashin ƙara girma, kuma kada ku goge su da man goge ƙarfe, yana cinye rubutu. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya Birtaniya ta buga musu lamba da muƙami da suna da rajimanti. Na yaƙi na biyu yawanci babu suna, don haka lambar soja sai a littafin sallama, takardar fansho, ko bayan hoto.

Da lamba da sunan bataliya sai a nufi takardu. Wanda ya rasu a yaƙin, ku neme shi a rumbun CWGC, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, kyauta ne a intanet, kuma yana ba da bataliya da ranar rasuwa. Ku nema da lamba, domin magatakardan soja sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji, wani ma sunan gari aka maƙala masa a madadin na mahaifi. Littattafan da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum suna gidan adana tarihi na Birtaniya a Kew, a Landan: na Bama a jerin WO 172, na Afirka ta Yamma a WO 173. Ba kasafai suke ambaton ƙaramin soja da suna ba, amma za su nuna muku inda bataliyar ta kwana da kogin da ta ƙetare a kowace rana. Masu neman sojan Amurka kuma su sani gobarar 1973 a rumbun takardun soja na birnin Sen Luwis ta cinye kusan kashi 80 cikin ɗari na fayilolin sojan ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960, saboda haka kwafin takardar sallama da ke hannun iyali shi za a fara nema.