Okid na dajin gajimare: zafin dare ne ke kashe su

To jama'a, ku dubi furen nan da kyau kafin in ce komai. Kun ga fuskar biri a tsakiyarsa? Ba hada hoto aka yi ba, haka Allah ya halicce shi. Sunansa Dracula simia, asalinsa daga tsaunukan Andes ne can Ekwado. Wannan kuma mai ruwan lemo da gashi-gashi shunayya shi ne Masdevallia veitchiana, ana samunsa a kewayen Machu Picchu, tsohon birnin nan na kasar Peru. Dukkansu okid ne, amma ba irin wanda aka saba ajiyewa a falo ya yi watanni ba ruwansa da kowa ba.

Inda suka fito sama ne sosai, mita 1500 zuwa 3000, daji ne da gajimare ke saukowa ya lullube bishiyoyi kusan kullum, ganye jike, iska na kadawa, rana ba ta dukan komai kai tsaye. Da rana digiri 18 zuwa 22, da dare ya sauka wajen 10 zuwa 13. To a nan fa maganar take. Mutane na ta fama da ban ruwa da taki, alhali abin da ke cinye shukar nan daren da bai yi sanyi ba ne, domin in dare ya yi zafi abincin da ta tara da rana duk sai ta kone shi, haka za ta yi ta ramewa a hankali, ka ga dige-dige baki a ganye, wata safiya ka taba tukunyar ganye su zube gaba daya. Ni ma haka ta farko ta tafi a hannuna, ban fasa ba ta ruwa ba ko sau daya, ashe dakin ne ba ya hucewa. Har yau abin na damuna. Saboda haka kafin ka sayi shuka, sayi ma'aunin zafi mai nuna mafi karancin zafin dare, ka ajiye shi a wurin sati biyu ka ga gaskiyar dakinka. In esi, wato na'urar sanyaya daki, zai rike maka sanyin, to. Wasu kuma firij mai kofar gilashi suke gyarawa su sa fitilar LED da karamar fanka a ciki.

Yanzu matso da kyamara nan gindin. Kun ga babu wannan kumburin da wasu okid ke ajiye ruwa a ciki? Siririn kara ne kawai da ganye daya. Ma'ana ba ta da ajiya, ta bushe sau daya ta sha wuya. Shi ya sa ake dasa su a gansakukar sifagnam, a rike ta da danshi kamar soson da aka matse, ba tsamo-tsamo ba. Ni tukunyar kasa na fi so, tana tsatso ruwa ta sanyaya saiwa kamar dai yadda randa ke yi. Gansakukar nan kuma duk shekara a canza ta, in ta rube saiwa na bin ta.

Ruwa, na sama ko tacacce. Gishirin da ke cikin ruwan famfo yana kona musu saiwa da bakin ganye. Taki kashi daya cikin hudu na abin da aka rubuta a kwalba ya isa. Haske kadan, inuwa mai haske dai.

Danshin iska kashi 70 zuwa 90 cikin dari, amma don Allah kar a kulle su a akwatin gilashi ba fanka. Danshi ba iska ruba ce kawai. Fankar ta yi ta aiki dare da rana, ka ga ganyen na dan motsi.

Sai abu daya game da Dracula da nake so sosai. Da yawansu karan furen kasa yake bi, ba sama ba, in ka sa ta a tukunya mai rufaffen gindi furen zai makale ya rube a ciki ba ka ma sani ba. Kwando mai ramuka ake rataye ta. Leben furen kuma kama yake da naman kaza, wato laimar kwadi, har da kanshinsa, kananan kudaje su zo su kwashi garin fure su kai wa wani.

In za ka fara, fara da Masdevallia da aka hada iri, sun fi jure dumi, kuma ka tabbatar a gidan reno aka raine ta ba daga daji aka cizgo ta ba.