Julius Jaenzon, mai kyamarar da ya ɗauki hoton fatalwa

A wani tsohon fim akwai keken dokin fatalwa mai ɗaukar rayukan matattu. Yana tafiya a kan ruwan teku, kuma ana hango igiyar ruwa ta cikin jikin dokin da na mai tuƙin. A ƙasar Suwidin aka ɗauki wannan a shekarar 1920, lokacin da fim bai fara magana ba, balle a yi zancen kwamfuta.

Sunan fim ɗin Körkarlen, Victor Sjöström ne ya ba da umarni, aka fara haska shi ranar 1 ga Janairun 1921. Amma wanda ke bayan kyamarar shi ne Julius Jaenzon, haifaffen birnin Gotenbag a 1885, wanda a wasu fina-finan ake rubuta sunansa J. Julius.

To, yaya ya yi? Kyamarar zamanin da hannu ake juya ta. Sai ya fara ɗaukar tekun shi kaɗai, ya mayar da zaren fim ɗin baya, sannan ya sake ɗaukar keken dokin a kan wannan zaren dai. Hoto biyu suka hau juna, na biyun ya fito shara-shara. Wahalar tana ga hannu: dole saurin juyawar ya zo daidai da na farko, in ba haka ba fatalwar ta riƙa tafiya kamar ana fizgar ta. Kuma ba ya ganin sakamako sai an wanke fim. Kuskure ɗaya a zagaye na ƙarshe, aikin baya duka ya tashi a banza. Dabarar ta girme shi, gaskiya ne, sai dai shi ya kai ta inda fatalwa za ta ratsa ƙofa, ta sunkuya ta ɗauki ran mamaci, mai kallo bai ga haɗin ba.

Kafin nan ma ya riga ya yi suna wajen fitar da kyamara waje. Ya bi Sjöström cikin duwatsun arewacin Suwidin, ya kuma ɗaukar wa wani mai ba da umarni, Mauritz Stiller, jerin mata cikin baƙaƙen kaya suna raka gawa a kan daskararren teku a 1919. Fim ɗin 1924 da ya fito da jaruma Greta Garbo ma yana cikin aikinsa.

Da fim ya fara magana ya ci gaba da aiki a kamfanin fim na Svensk Filmindustri, inda Gunnar Fischer, wanda daga baya ya riƙe wa mai ba da umarni Ingmar Bergman kyamara, ya yi masa yaron aiki. Jaenzon ya rasu a Istokholm a 1961.