Furannin da ke yin sammako a lambunan Ingila

Ku dubi wannan lambu. Na wani gida ne a kudancin Ingila, ƙarshen watan Janairu. Bishiyoyi tsirara, ƙasa ta yi jagab, kafin ƙarfe 5 na yamma rana ta faɗi. Amma ku kai ido gindin bishiyar can. Wasu ƴan fararen furanni ne suka sunkuyar da kai kamar amarya ranar kai ta. Turawa na ce musu snowdrop, wato ɗigon ƙanƙara.

To, me ya fito da su cikin wannan jaura?

Sai mun tona ƙasa. A can za mu tarar da wani ɗan ƙulli mai kama da albasa. Rumbu ne. Abincin da tsiron ya tara bara yana ciki, shi kansa furen ma yana ciki a naɗe tun kafin sanyi ya kama. Asalin waɗannan tsirrai daji ne, ƙarƙashin manyan itatuwa. Da zarar itatuwan sun yi ganye a Afrilu da Mayu, inuwa ta rufe ƙasa, rabonsu na rana ya ƙare. Shi ya sa suke sammako, su yi fure, su sake cika rumbu, su koma barci kafin manya su farka. Manomin da ya taɓa shuka gero a ƙarƙashin gawo ya san wannan lissafi: gawo na kaɗe ganyensa da damina, shi ya sa amfanin gona ke samun rana a gindinsa.

Af, akan fassara wannan lokaci nasu da bazara, amma kada sunan ya ruɗe ku. Bazararmu zafi ce mai hana barcin ɗaki. Tasu kuwa fita ce daga sanyi, yini na ƙara tsawo kullum.

Bi da bi furannin suke zuwa. A Fabrairu wani ɗan fure da ake kira kurokus ke biyo bayan snowdrop, mai buɗewa in rana ta haska, ya rufe in gari ya lumshe, kuma wurinsa ƙudan zuman da suka tashi da yunwa ke fara sauka. Maris na dafodil ne, rawaya shar, furen da mutanen Wales ke maƙalawa a riga ranar 1 ga wata. Tulip sai Afrilu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, sanyin da muke tausaya musu a kansa shi ne agogonsu. Tulip na bukatar kamar mako 12 ko fiye na sanyi a ƙasa kafin ya yi fure mai kyau. Masu lambu a ƙasashe masu zafi sai sun ajiye ƙullin a firji kafin su shuka. In kun gwada, kada a haɗa da kayan miya. Ƙullin dafodil guba ne, har a 2015 hukumar lafiya ta Ingila ta gargaɗi manyan shaguna su raba shi da wurin kayan lambu, don ana ɗaukarsa albasa.

Bayan fure ya bushe, ganyen kan kwanta ya yi muni, mai gida ya ji hannunsa na ƙaiƙayin yanke shi. A bar shi mako 6. Da ganyen nan ake cika rumbun baɗi.

Sai dai agogon ya fara sauri. A 2022 masu bincike a Jami'ar Kambirij suka duba bayanai sama da 400,000 da aka tara tun daga 1753, suka gano cewa tsirran Birtaniya yanzu na yin fure kusan wata guda kafin lokacin da suka saba, saboda ɗumamar yanayi. Itacen tuffa da ya yi gaggawar fure, dare ɗaya na daskararriyar raɓa ya isa ya hana shi ƴaƴa a shekarar.