Ranar da sojan ruwan Amurka suka je gidan yari neman taimako

Jama'a, ku kwatanta a ranku wani ƙaton jirgi da ya kwanta gefe guda cikin ruwa. Normandie ke nan, jirgin fasinja na Faransa, wanda Amurka ta karɓe tana gyarawa don jigilar sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu. Ran 9 ga Fabrairun 1942 ya kama da wuta a tashar jiragen ruwan New York. 'Yan kwana-kwana suka yi ta antaya masa ruwa har nauyi ya rinjaye shi, ya kife.

Daga baya bincike ya nuna tartsatsin wutar walda ne ya faɗa kan tarin rigunan ceto. Amma a lokacin wa zai yarda? Wata biyu ke nan da harin da Japan ta kai wa sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, ga jiragen Jamus na ƙarƙashin teku suna ta nutsar da jiragen kaya dab da gaɓa. Kowa cewa yake zagon ƙasa ne.

To, tashar ba a hannun hukuma take ba. 'Yan dako da masunta, da yawansu 'yan asalin Italiya, ba sa buɗe baki gaban mai kaki. Masu faɗa a ji a nan 'yan Mafia ne, wato ƙungiyar manyan 'yan daba masu tushe a Italiya. Sai Kwamanda Charles Haffenden na sashen leƙen asirin sojan ruwa ya nemi Joseph Lanza, ubangidan kasuwar kifi ta Fulton. Lanza ya taimaka iya ƙarfinsa, sannan ya nuna musu wanda ya fi shi: Lucky Luciano, babban ubangidan Mafia na New York.

Shi kuwa Luciano yana kurkuku tun 1936, an yanke masa shekara 30 zuwa 50 kan safarar mata don karuwanci. A watan Mayun 1942 aka lallaɓa aka maido shi gidan yarin Great Meadow, wanda ya fi inda yake da kusa da birnin New York, inda abokinsa Meyer Lansky da lauyan Luciano ke kai masa ziyara, su fito da saƙo. Aka sanya wa shirin suna Operation Underworld.

Me aka samu? Masunta sun zama kunnuwan soja, jami'ai sun sami katin ƙungiyar ƙwadago suna shiga ko'ina a ɓoye. Sai kuma wanda ba a cika faɗa ba: yajin aiki ya lafa a tashar. A ganina wannan ne hajar da aka fi saya, domin ɗan dakon da ke neman ƙarin lada yanzu da 'yan daba zai yi, kuma gwamnati na bayansu. Batun cewa Luciano ne ya buɗe wa sojojin Amurka ƙofar tsibirin Sisili na Italiya a 1943 kuwa, an cika masa gishiri.

A Janairun 1946 gwamnan New York, Thomas Dewey, ya sassauta masa hukunci, aka tasa ƙeyarsa zuwa Italiya. Dewey ɗin nan shi ne mai gabatar da ƙarar da ya ɗaure shi shekara goma baya. Rahoton da William Herlands, kwamishinan bincike na jihar New York, ya haɗa a 1954 ya tabbatar an yi wannan hulɗa, sojan ruwa suka roƙi a rufe shi, bai fito fili ba sai 1977.