Kada a yi gaggawar sayar da mai toshe ɓaraka

Assalamu alaikum jama'a masu saurare. Duk lokacin da kasuwar 'yan wasa ta buɗe, akwai gardamar da ba ta ƙarewa a majalisun shayi na Garwa, nan arewacin Kamaru, kan ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa Coton Sport: idan dillali ya zo da kuɗi yana neman mai tsaron bayan nan da ke yawan zama a benci, wanda yau za a sa shi a lamba biyu (dama), gobe lamba uku (hagu), jibi a tsakiya, a sallama ko a riƙe shi? Da yawa cewa suke a karɓe kuɗin, ai ba shi ne tauraro ba. Ni kam ban yarda ba.

Ba wai sayar da 'yan wasa laifi ne ba. Da shi Coton Sport ta yi suna. Jacques Zoua ya tafi Basel ta Switzerland a 2009, Vincent Aboubakar ya tafi Valenciennes ta Faransa a 2010, kuma shi ne ya ci mana ƙwallon da ta kawo wa Kamaru kofin Afirka a 2017. Amma ku lura, waɗannan masu cin ƙwallo ne, kuma Turawa ƙwallo a raga suke biya da tsada. Mai tsaron bayan da ke jiran canji kuwa, kuɗinsa kaɗan ne, alhali ranar da ya tafi sai an nemo mutum biyu, wani lokaci uku, kafin a cike gurbinsa. Kowannensu da albashinsa da kuɗin sa hannu. Ina ribar?

Sannan a dubi inda muke. Yawancin abokan karawarmu suna kudu, Yawunde da Duwala, tafiyar sama da kilomita 1,000. A dawo gida a shiga filin wasanmu na Roumdé Adjia cikin zafin Maris, ga wasan Afirka na jira a tsakiyar mako. Cinya za ta ja, gwiwa za ta kumbura, wani zai tara katin gargaɗi, wani a kira shi tawagar ƙasa. A irin wannan rana ce koci ke waiwayar benci, kuma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Coton Sport ɗin da ta kai wasan ƙarshe na Zakarun Afirka a 2008 ta kara da Al Ahly, ba 'yan wasa goma sha ɗaya kaɗai suka kai ta can ba.

Manyan ƙungiyoyin Turai ma sun san darajar irin wannan mutum. John O'Shea ya buga kusan ko'ina a bayan Manchester United, har safar gola ya sa a wasansu da Tottenham a 2007 bayan golansu Van der Sar ya ji rauni. Nacho ya yi shekaru yana jiran dama a Real Madrid, daga ƙarshe shi ya ɗaga musu kofin Zakarun Turai a 2024 da kambun kyaftin a hannunsa.

Wuri ɗaya nake sassautawa. Idan yaron da kansa ya ce ya gaji da benci, ko kwantiraginsa saura shekara guda kuma ya ƙi sabuntawa, to riƙe shi zalunci ne kuma asara ce, domin baɗi zai tafi kyauta. A zauna da shi tun da wuri, a ji ta bakinsa, a gyara masa albashi in zai zauna. In kuwa tafiyar ta zama dole, a bari kaka ta ƙare tukuna, kuma a tabbata akwai wani yaro daga ƙaramar ƙungiya da aka riga aka gwada shi a dama da hagu kafin a sa hannu a takarda.