Idan Ɗan Ayari Ya Faɗi Daga Kan Keke

Malam Bala: Jama'a, assalamu alaikum. Yau ina tare da Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya, da ƙaninmu Auwalu wanda yake jan ayarin masu keke a ƙarshen mako, kuma za mu tattauna abin da ya kamata a yi idan wani ya faɗi ana cikin tafiya. Auwalu, da me ake farawa?

Auwalu: Malam, kafin a taɓa wanda ya faɗi sai an tsare titi. Mu muna bin juna taya da taya, saboda haka idan na gaba ya kife, na baya za su afka masa, ga kuma tirela tana tafe. Mutum ɗaya ya koma baya da nisa, ɗaya ya wuce gaba, suna ɗaga wa motoci hannu, ko su zuba ganye a kan kwalta kamar yadda direbobinmu suka saba. Wani kuma, wanda aka ambaci sunansa, ya kira 112, lambar kiran gaggawa, ko 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra, domin idan aka ce kowa ya kira, babu wanda zai kira.

Malama Hadiza: Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tausayin jama'a. Nan take za a taru, wani ya ɗago kansa, wani ya cire masa hular kwano, wani ya ɗura masa ruwa, sai a naɗe shi a cusa cikin adaidaita sahu. Idan ƙashin wuyansa ya tsage, wannan ɗagawar ce za ta taɓa laka, mutumin da zai iya warkewa ya shanye har abada. Muddin yana numfashi kuma ba ya cikin haɗarin mota, a bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu yana yi masa magana. Kada a ba shi abin sha, domin yana iya shaƙewa, kuma wataƙila tiyata ce a gabansa.

Malam Bala: To Malama, idan jini yana zuba, ko numfashi ya tsaya fa?

Malama Hadiza: Jini dannewa ake yi da tsumma mai tsabta, a ci gaba da dannawa ba tare da ana ɗagawa ana leƙe ba, kuma a guji baƙin mai da ƙasa. Idan numfashi ya tsaya, maganar wuya ta koma baya: a kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya har taimako ya iso.

Auwalu: Akwai kuma wanda zai miƙe ya kakkaɓe riga ya ce garau yake.

Malama Hadiza: Shi ma a sa masa ido. Idan hular ta tsage, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko ya yi amai, tafiyarsa ta ƙare a nan, sai asibiti, ko da ya yi fushi.

Malam Bala: Ai ko manyan 'yan tsere sai a 2003 aka tilasta musu sa hular, bayan rasuwar ɗan tseren keke Andrei Kivilev a gasar Paris-Nice ta Faransa. Amma mutane suna tsoron kai wanda ya ji rauni, kada asibiti ta ce sai an biya.

Malama Hadiza: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa bisa kowane dalili, ko da yake a aikace gara wanda ya raka shi ya riƙe ɗan kuɗi a hannu.

Auwalu: Shi ya sa kafin mu tashi kowa yake sa takarda a aljihu mai ɗauke da sunansa, da lambar wani nasa, da cutar da yake fama da ita kamar suga ko asma, tunda wayarsa tana kulle kuma shi ba zai iya buɗe mana ita ba.