Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya A Taron Bita Kan Sankarar Bayan Hanci, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishinan Lafiya, wakilin Mai Martaba Sarkin Gombe, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, iyayenmu malamai, abokan aiki likitoci da ma'aikatan jinya. Ranka ya daɗe, a madadin sashen kunne, hanci da maƙogwaro, muna maka barka da zuwa, mun kuma gode da ka bar ofis ka zo ka zauna da mu.

Cutar da ta tara mu tana fitowa ne can bayan hanci, sama da ganda, inda ido ba ya kai wa sai da na'ura. Ba ta raba kanta daidai tsakanin al'ummu ba. Ta fi yawa a kudancin Sin, musamman lardin Guangdong, sai kudu maso gabashin Asiya, da Tunisiya, Aljeriya da Maroko, da mutanen Inuit na yankin ƙanƙara a ƙuryar arewacin duniya. Ƙwayar cutar Epstein-Barr na da hannu, haka gado, haka kifin da ake adanawa da gishiri. Maza sun ninka mata biyu zuwa uku.

Abin mamaki, a Amurka alƙaluma sun nuna 'yan asalin Sin sun fi farare da baƙaƙe daɗewa a raye bayan magani. Dalili ɗaya shi ne irin sankarar da ta fi kama su ta fi jin gashin na'ura, wato ƙona sankara da hasken na'ura. Ban da wannan, lokacin zuwa asibiti da halin biya ma suna shafar daɗewar majinyaci a raye.

A nan ne, ranka ya daɗe, maganar ta shafe mu. Majinyacinmu yakan fara da toshewar kunne ɗaya da ɗan haɓo, sai ƙullutu a wuya marar zafi. Ya je wurin wanzami, a yi masa tsaga. Wani kuma a ce tarin fuka ne, ya sha magani wata shida, ƙullutun na ƙara girma. Ranar da ya shigo wurinmu, ido ɗaya ya karkace, yana ganin abu bibbiyu. Sannan a ce ya nemi kuɗin mota da na masauki ya tafi Zariya ko Abuja, ya yi mako shida zuwa bakwai ana gashi. Bafulatanin Dukku da Batangalen Billiri duk a wannan mashigar suke maƙalewa, kuma a ganina nisa da jinkiri sun fi ƙabila kashe mana mutane.

Roƙonmu shi ne a horar da ma'aikatan asibitocin ƙananan hukumomi: duk babban mutum mai ƙullutu a wuya da toshewar kunne ɗaya, a turo shi a leƙa bayan hancinsa, a yanki ɗan nama a gwada kafin a ɗora shi kan wani magani. Sai kuma tallafin sufuri ga masu tafiya gashi, da rajistar da za ta riƙa bin kowane majinyaci har bayan sallama.

Ranka ya daɗe, bismillah, fili naka ne.